Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Tele Take Ƙin Buɗewa Da Megar Salula?

TAMBAYA

Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye tsakanin Tibiri da Dumega. Yayana da ke aiki a Yamai yana biyan kuɗin dekoda kowane wata, ya kuma ba ni lambobinsa na sa manhajar kamfanin a salulata don in riƙa kallon ƙwallo da labarai. Ranar da na je Dosso taron ƙara wa juna sani, na hau wifin masaukinmu, tashoshi suka buɗe tas kamar ina gaban tele. Da na koma gida na sayi forfe, sai abu ya ƙi. Wani lokaci ta rubuto mini wai sai da wifi, wani lokaci ta ce shirin ba ya samuwa a yankina, wani lokacin kuma ƴar da'irar nan ta yi ta juyawa har a tashi wasa. Amma WhatsApp yana aiki, bidiyon Facebook ma yana buɗewa. Shin kamfanin waya ne ke cin kuɗina yana toshe mini hanya, ko gwamnati ce ta hana kallon tele a salula? Sau uku ke nan ina sayen forfe a kan wannan abu, albashin malami kuma kun san shi.

Daga wani malamin makaranta, gundumar Tibiri, jihar Dosso.

AMSA

Malam, Allah ya saka da alheri da ka rubuto, domin ba kai kaɗai abin ya dama ba. Daga Matankari har Gecheme akwai masu zuba forfe a salula su tashi ba su ga komai ba, sai dai ba kowa ke ɗaukar alƙalami ba. Roƙona na farko, kada ka sayi na huɗu sai ka gama karanta wannan amsa.

Abin da ya taimake ni a wasiƙarka shi ne ka kawo saƙonnin yadda suka fito. Uku ka lissafa, kuma ba ciwo ɗaya ba ne. Wanda ya ce sai da wifi, daga cikin salularka ya fito. Wanda ya ce shirin ba ya samuwa a yankinka, daga masu shirin ya fito, can inda aka sa hannu a kan kwangila. Da'irar da ke juyawa kuwa, labarin eriyar da ke kusa da ƙauyenku take ba ka. A abin da ka bayyana ban ga hannun gwamnati ba, kuma zan faɗa maka yadda ake gane shi idan ya shigo.

Mu fara da mai sauƙin magani. Kusan kowace manhajar kallo tana da wani maɓalli a cikin saitinta da ke zaɓar ko ta yi aiki da megar layi ko sai ta jira wifi. Tunda salularka da Faransanci take magana, ka shiga Paramètres na manhajar, ka nemi inda aka rubuta Wi-Fi uniquement ko Données mobiles, ka sauya. Daga nan ka fita ka shiga saitin salular kanta. Wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu, Tecno da Itel da Infinix, suna da abin tsimin mega, Économiseur de données, wanda idan yana kunne yake taƙaita wa wasu manhajoji shan mega, kuma akwai inda ake hana wata manhaja guda taɓa megar layi ɗungurungum. Sau da yawa mai gyaran waya ko wani yaron gida ne ya taɓa wajen da niyyar taimako. Ka duba kwanan wata da agogon wayar ma, don idan sun karkace manhajojin da ake biya sukan ƙi buɗewa.

Wannan ƙa'ida ta «sai da wifi» tsohuwa ce, kuma ba don mutanen Arewa aka ƙirƙiro ta ba. A shekarar 2009 aka fito da wata manhaja a Amurka mai suna SlingPlayer, wadda ke bai wa mutum damar kallon talabijin ɗin gidansa a iPhone. Kamfanin waya na AT&T ya ƙi yarda ta yi aiki a layinsa, yana cewa za ta cushe hanya, sai aka sake ta da wifi kaɗai, ba a buɗe mata layi ba sai a 2010. Kiran bidiyo na FaceTime ma da ya fito a 2010 da wifi kaɗai yake aiki, sai a 2012 aka bar shi ya hau layin salula. A 2016 kuma kamfanin Netflix ya amsa da bakinsa cewa ya shafe shekaru yana rage ingancin hoton da yake tura wa masu layin AT&T da Verizon, don kada megarsu ta ƙone su ɗora masa laifi. Ka ga ke nan tun asali tsoro biyu ne suka haifi ƙa'idar: mai eriya yana tsoron cunkoso, mai manhaja yana tsoron fushin wanda kuɗinsa ya ƙare. Matsalar ita ce sun gina ta a kan zaton kowa yana da wifi a gida, salula kuma ta fita waje ce kawai. A wurinmu abin a juye yake. Megar layi ita ce intanet ɗin gaba ɗaya, wifi kuwa sai an je Dosso.

To amma kafin ka murɗa wancan maɓalli, ina so ka san abin da kake buɗe wa ƙofa, domin a nan ne kuɗin malami ke zurarewa.

Kai ɗan dallol ne, ka san bambancin ruwan sama da ruwan rijiya. Idan hadari ya sauka a Dallol Mawri, gona ɗaya ce ko gona dubu, ruwan bai san yawansu ba, kowa ya samu a lokaci guda. Haka parabol yake. Tauraron ɗan'adam yana zubo hoto sau ɗaya a kan ƙasashe, mutum goma ne ke kallo ko miliyan goma, nauyin bai ƙaru ba. Kallo ta mega kuwa rijiya ce. Kowane mai kallo da gugarsa, kowanne sai an jawo masa nasa daban, ko da duk wasa ɗaya suke kallo a zaure ɗaya. Mutum hamsin a garinku suka buɗe wasa a salula, eriya sai ta aika hoto hamsin. Shi ya sa ake auna maka shi, shi ya sa kuma yake da tsada.

Ga lissafin, kuma ka iya sa wa ɗalibanka shi a allo. Idan hoto yana zuwa da gudun megabit 1 a sakan, a awa guda ya sha mega 450. YouTube ya ce hotonsa mai lamba 360p yana son gudun kusan megabit 0.7, mai 480p yana son 1.1, mai 720p yana son 2.5, mai 1080p kuma 5. Wasan ƙwallo da hutun rabin lokaci yakan kai awa biyu ba kaɗan. A 480p ke nan ka tanadi kusan mega 900, a 720p kusan giga 2, a 1080p kusan giga 4. Netflix ma ya ce kallonsa na matsakaicin hoto yana iya cin giga 1 a awa, mai kyau sosai kuma har giga 3. Ka ɗauki farashin giga guda a layinka ka ninka, ka ga abin da wasa ɗaya zai ci. Sauraron rediyo ta intanet kuwa, a gudun da tashoshi da yawa ke amfani da shi, bai kai mega 30 a awa ba. Hoto ne mai cin kuɗi, murya ba ta da nauyi. A fuskar salula da ba ta wuce tafin hannu ba, 360p ya isa ka gane ɗan wasa ka ga ƙwallo, don haka duk manhajar da ta ba ka zaɓi, ka sauke ta can da hannunka, kada ka bar ta a kan Auto.

Akwai dabarar da samari ke yi idan manhaja ta nace sai da wifi: su kunna rabon intanet a wata salular, su haɗa wannan da ita. Manhajar sai ta ɗauka wifi ta samu, ta buɗe. Dabarar tana aiki, amma tana da ƙaya. Da manhaja ta ga wifi sai ta saki jiki ta jawo hoto mafi nauyi, wayar kuma ta soma sabunta manhajojinta a ɓoye, forfen mai rabon ya ƙare kafin a je hutun rabin lokaci. Idan za ka yi haka, ka fara sauke ingancin hoton, ka kuma kashe sabuntawa ta kai-tsaye a Play Store.

Sai maganar forfen kansa, inda ka ce WhatsApp da Facebook suna aiki. Wannan ya sa nake zargin wani abu. Kamfanonin waya a ƙasashenmu suna sayar da forfe iri-iri: akwai na intanet gaba ɗaya, akwai na dandalin zumunta kaɗai, akwai na dare, akwai kuma megar kyauta da ke zuwa da sharaɗi. Na zumunta ya fi araha, shi ya sa hannu ke saurin kai masa, amma ƙofofin da aka lissafa masa kawai yake buɗewa. Idan shi ka saya, manhajar tele ba za ta samu ko ɗigo ba, alhali saƙon ragowar megarka yana nuna maka da saura. Gwajin ba wuya: ka buɗe Chrome ka nemi kowane shafi da ba na Facebook ba. Idan ya ƙi, forfen ne. Irin wannan rabe-raben ya jawo gardama a duniya. Hukumar sadarwar Indiya ta haramta bambanta farashin mega bisa ga shafin da mutum zai shiga a watan Fabrairun 2016, abin da ya kawo ƙarshen shirin Free Basics na Facebook a can. Ni ban ce a hana forfen zumunta a Nijar ba, domin da shi uwa a Dogonkiriya ke jin muryar ɗanta da ke ci-rani a Legas ko Abidjan. Abin da nake cewa shi ne a gaya wa mai saye abin da ya saya da harshen da yake ji.

Ko da forfen na gaba ɗaya ne, kada ka yi mamaki don bidiyon Facebook ya buɗe tele ta ƙi. Bidiyon minti ɗaya ne ko biyu, an matse shi, wayar kuma tana jawo shi tun kafin ka iso kansa. Shirin kai-tsaye ba ya ajiyuwa. Dole ruwan ya riƙa zuba ba yankewa na tsawon awa biyu, kuma kafin ya fara sai manhajar ta tambayi uwar na'urarta ko kana da izni.

Wannan izni shi ne saƙo na biyu, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, don zaman kan iyaka ya ba shi wata fuska da mutumin Yamai bai sani ba.

Wasan ƙwallo da fim haja ce, kuma ƙasa-ƙasa ake sayar da ita. Masu gasar Firimiyar Ingila ba sa sayar wa kamfani ɗaya duniya duka. Suna yanka ta gunduwa-gunduwa, har da harshen da za a yi sharhi. A ƙasashenmu masu amfani da Faransanci Canal+ aka fi sani da ita, a Najeriya kuma SuperSport na DStv. Gasar cin kofin duniya ta 2022 wani kamfanin Togo ne, New World TV, ya sayi haƙƙin nuna ta ga masu biya a ƙasashen Afirka masu Faransanci da ke kudu da Sahara. Wanda ya sayi gunduwa ya yi alkawarin ba zai tsallaka ta ba, idan ya tsallaka a kai shi kotu. Har na'urar da za a kalla a kanta akan rubuta a kwangila. A 2011 kamfanin Time Warner Cable a Amurka ya fito da manhajar da ke nuna tashoshinsa a iPad, a cikin gidan mai biya kawai kuma a kan intanet ɗin gidan, duk da haka sai da suka je gaban alƙali da kamfanin Viacom, wanda ya ce shi talabijin ya ba da izni, bai ba da na iPad ba. Don haka za ka iya ganin tasha a dekoda, ka neme ta a manhajar kamfanin ka rasa, ko ta buɗe maka labarai ta rufe idan an zo wasa.

Yaya manhaja ke sanin inda kake? Ba ta san Tibiri ba, ba ta san Dumega ba. Lambar adireshin intanet ɗin da layinka ya ba ka take dubawa, lambar kuma tana ɗauke da sunan ƙasar kamfanin layin. Ku kuwa tsakaninku da jihar Kebbi ba nisa. Arewa ɗaya ce Turawa suka raba, dangi a Kangiwa, kasuwa a Bachaka, aure da zumunci ba su san iyaka ba. Mutane da yawa a yankinku suna da layi biyu a salula, na Nijar da na Najeriya, kuma akwai ƙauyukan da rezon Najeriya ya fi na gida ƙarfi. Idan megar da kake amfani da ita ta layin Najeriya ce, a idon manhajar kana Najeriya, ko da kana zaune a ƙofar ajinka. Kuɗin dekodar yayanka kuwa na Nijar ne. Sai ta ce maka shirin ba na yankinka ba ne, kuma bisa ga abin da ta gani ba ƙarya ta yi ba. Haka wanda ke da rajistar Najeriya zai iya gamuwa da irin wannan idan ya hau layin Nijar. Ka shiga saitin layuka ka ga wanne aka ɗora wa mega. Ka kuma kashe Itinérance des données, domin layin Nijar ma yakan kama eriyar maƙwabta da kansa idan ta fi kusa, a caje ka kuɗin baƙo kana cikin ƙasarka.

Wani lokaci kuma layin na gida ne, amma rumbun da manhajar ke dubawa ya yi kuskuren ƙasar da lambar take. Idan haka ne, ka gwada da layin wani kamfani. Huɗu muke da su: Airtel, Moov Africa, Zamani da ya gaji Orange bayan an sayar da shi a 2019, da Niger Telecom da aka samar a 2016 daga haɗewar Sonitel da SahelCom. Ka ari salular abokin aiki mai wani layi na minti biyar. Idan ta buɗe a nasa ta ƙi a naka, ka samu abin da za ka kai ƙara da shi.

Akwai kuma abin da ban so in tsallake, ko da yake ba ka tambaya ba. Lambobin na yayanka ne. Kamfanonin nan suna ƙayyade yawan na'urorin da za su yi kallo lokaci guda. DStv ya mayar da nasa na'ura ɗaya tak a watan Maris na 2022, Netflix kuma ya tsaurara kan rabon lambar sirri tsakanin gidaje a 2023. Idan ɗan yayanka a Yamai ya riga ka buɗewa a tasa salular, kai za a rufe wa ƙofa, kuma lokacin babban wasa ne kowa ke rububin shiga. Ku yi magana da yayanka, ya tambayi inda yake biya ko na'ura nawa aka yarje masa, kuma ko sharaɗinsu ya yarda da wanda ba gida ɗaya suke ba. Gara a san gaskiyar abin da a yi ta zargin rezo.

Saƙo na uku ba rubutu ba ne, da'ira ce, kuma ita ce na fi jin tausayin mai fama da ita, don babu maɓallin da zai gyara ta. Eriya ɗaya tana da iyakar abin da take iya ɗauka, duk waɗanda ke ƙarƙashinta kuma rabawa suke yi. Da hantsi, mutane suna gona ko kasuwa, sai ka ga intanet yana gudu. Bayan isha'i kowa ya dawo ya kunna, a daidai lokacin ne kuma ake buga wasannin Turai. Ko a Turai ɗin, a watan Maris na 2020 da annobar korona ta zaunar da mutane a gida, sai da hukumomi suka roƙi Netflix da YouTube suka rage nauyin hotonsu don kada hanyoyi su cushe. Ina ga eriyar da ke ɗauke da ƙauyuka goma?

Ƙasar ma tana da nata. Wanda ke bakin kwalta a Kore Mairuwa ko cikin garin Dutsi, wato Dogondutsi, ba ɗaya yake da wanda ke cikin kwari bayan tudu ba, domin duwatsun nan masu shimfiɗaɗɗen kai da suka ba Dogondutsi sunansa suna tare rezo kamar yadda suke tare iska. Ka dubi saman salularka: idan harafin E ka gani, ko H da sanda ɗaya, saƙon murya zai wuce amma tele ba za ta tsaya ba. Sai 4G mai ƙarfi. Eriya kuma da wuta take aiki, ta NIGELEC ko ta inji ko ta hasken rana, kuma ba mu manta yadda aka sha ba lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023. Bayan wannan duka, ƙasarmu ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake shigowa. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kodebuwa, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka kwana biyu suna jan ƙafa. Hoton ɗan wasan da kake jira doguwar hanya yake biyowa kafin ya iso Tibiri.

Batun gwamnati gajere ne. Ta taɓa rufewa: bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2021 an katse intanet ɗin salula daga 24 ga Fabrairu har kusan kwana goma. An dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023, an kuma dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. A ƙetaren iyaka ma hukumomin Najeriya sun rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Sakkwato da Katsina a 2021 saboda ƴan bindiga. Alamar irin wannan ita ce ba ya zaɓar mutum ɗaya. Ko dai gari duka ya yi shiru a kowane layi, ko tasha guda ta ɓace wa kowa, a wifi da a mega. Kai kuwa taka ta buɗe a Dosso.

Za a ba ka shawarar VPN, za a kuma nuna maka manhajojin da ake turawa hannu da hannu masu buɗe tashoshi ɗari kyauta. Ban ba ka goyon baya a kan ko ɗaya ba. VPN yana ƙara nisan hanya, yana ƙara cin mega, manyan manhajoji sun iya gane shi, kuma za a iya rufe rajistar yayanka a dalilinsa. Manhajar da ba ta fito daga Play Store ba kuwa, wadda ke neman iznin karanta saƙonninka da lambobin mutanenka, ka tuna a wannan salular ce saƙon kuɗinka ke shigowa. Kayan sata ne aka ba ka, wanda ya ba ka kuma ba ka san abin da ya ɗauka a madadi ba.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wani dare na zauna a wata fada a Dutsi. Samari takwas, shayi yana kan gawayi, an jingina salula ɗaya da gwangwanin sukari, kowa ya miƙo wuya. Ɗaya ya kunna rabon intanet daga tasa, sauran suka yi karo-karo, mai dala ashirin, mai dala hamsin, aka sa forfe. Ɗan wasa ya ɗauko ƙwallo ya nufi raga, hoto ya tsaya cik, da'ira ta hau juyawa. Kafin ta saki sai muka ji ihu ya tashi daga gidan kallon da ke bayan layi. Su da parabol sun riga sun ga ƙwallon ta shiga, domin kallon intanet yawanci a baya yake da rabin minti ko fiye. Ana cikin zagaye na biyu mega ta ƙare. Da na lissafa abin da suka tara, ya fi kuɗin shigarsu gidan kallon su duka. Abin ya tsaya mini a rai, don kuɗin guminsu ne, na kabu-kabu da na dako.

Don haka hukuncina a kan lamarinka shi ne, abin da ake nunawa kai-tsaye, ƙwallo ko kokawar takobi, ka bar wa parabol. Télé Sahel tana kawo kokawa, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ana kama ta kyauta ba kuɗin wata, kuma faranti ɗaya da ƙaramin allon hasken rana da batir sun ishi malaman makaranta guda idan suka haɗa hannu. Abin da ba ya sauri kuwa, irin su Labarina da Izzar So da darussan malamai da ke YouTube, saukewa ya fi kallo. Ka sauke da dare idan layinka yana da forfen dare, ko ranar da ka shiga gari, a 360p, ka kalla sau nawa ka ga dama ba tare da ka sake biya ba. Ka sauke daga tashar masu fim ɗin kansu, don su ma su ci guminsu. Labarai kuma rediyonka bai tsufa ba. Starlink da ya fara aiki a Nijar a 2025 ya buɗe wata ƙofa, wasu suna sa shi suna sayar da wifi ga unguwa, amma kayansa da kuɗin watansa sun fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, sai dai ƙungiya ko makaranta.

Ina kuma da kira ga kamfanonin waya da hukumar ARCEP da ke sa musu ido. Mafi yawan masu sayen forfe a Arewa ba sa karanta Faransanci. Saƙon da ke cewa wannan forfe na kaza ne kawai, zai ƙare ranar kaza, ya kamata ya zo da Hausa da Zabarmanci, a rubuce da kuma a murya, kafin a cire kuɗin mutum. Masu manhajojin tele su ma su daina rubuta wa mutum saƙon da bai gaya masa abin da zai yi ba. Idan malamin makaranta ya sayi forfe uku bai gane inda matsalar take ba, manomin da ke gefensa fa?

Malam, ga abin da za ka yi gobe da hantsi, lokacin da rezo bai cushe ba. Ka tabbatar megar a kan layin Nijar take, ka buɗe wani shafi a Chrome don ka san irin forfenka, ka cire «sai da wifi» a saitin manhajar, ka sauke hoton zuwa mafi ƙanƙanta, ka kira yayanka ka ji ko wani yana kallo a lokacin. Idan duk ka yi ta ƙi, ka ɗauki hoton saƙon da ta rubuto, ka kai ofishin kamfanin layinka ranar da ka shiga Dutsi, ka nemi su rubuta ƙorafinka. Ka sake rubuto mana abin da ka gani, da harafin da ke fitowa a saman salularka, za mu ɗora daga nan in sha Allahu.